Belmiro da Rabin Inji

Wannan labarin a gabana aka yi shi, ba a bakin wani na tsinta ba. Sai dai ku yi mini uzuri in na ɗan bauɗe hanya, don tsufa ya fara yi mini sata, kuma sunaye da shekaru ya fi ɗauka. Na koyar da harshen Latin a makarantun Alentejo har kaina ya yi fari, daga baya na ɗauki sanda ina bin ƙauyuka ina sauraron tsofaffin waƙoƙin masu girbi. Ƙauyen da na fi daɗewa a cikinsa shi ne Ribeira Torta, saboda miyar burodi da tafarnuwa da ake yi a shagon kofi na Anacleto. To, a can Belmiro yake.

Belmiro gajere ne mai tumbi, gashin bakinsa kamar tsintsiyar da ta ga duniya. Sana'arsa gyaran famfo, kuma duk gidan da ya yi wa gyara ba ya mantawa da shi, don sai an kwashe ruwa da bokiti bayan tafiyarsa. Amma abin da aka fi saninsa da shi babur ne, wani ƙaton tsohon babur na tseren jeji mai silinda biyu, wanda ya raɗa wa suna Bijimi. A cewarsa, a kan Bijimi ya keta Sahara yana saurayi, ya bar Faransawa da Italiyawa suna cin ƙurarsa. A cewar Gervásio, ƙanin matarsa, mai kiwon tumaki, Belmiro ya je Sahara kam, amma a bayan motar masu dafa wa 'yan tsere abinci, yana feraye dankali, babur ɗin kuma a hannun wani ya same shi, wanda ya karye a ƙafa ya rantse ba shi ba babur har abada. Ni dai ban je ba, ban kuma taɓa raba musu gardamar ba.

A falo Bijimi yake kwana, tsakanin kabad ɗin tangaran da teburin cin abinci. Belmiro yakan tayar da shi jefi-jefi a ƙofar gida don kada ya yi tsatsa, amma ba wanda ya taɓa ganin ya wuce famfon dandali a kansa. Zulmira, matarsa, ta shekara da shekaru tana goge baƙin man da yake ɗiga mata a daɓe, baƙi kuwa in sun zo sai su zauna gwiwarsu na gogar taya.

Wata shekara, ban tuna wacce ba, amma dai shekarar da shamuwa suka yi sheƙa biyu a hasumiyar coci, sai ga wasu mutane a mota suna ɗaura jajayen ƙyallaye a itatuwan bakin hanya. Suka ce za a yi dogon tseren babura, kwana da kwanaki cikin duwatsu da busassun rafuka, kuma daga dandalin Ribeira Torta za a tashi.

Da la'asar shagon Anacleto ya cika, kowa ya juya yana kallon Belmiro.

"Sarkin Sahara," in ji Gervásio, "yau ga Sahara ta biyo ka har ƙofar gida. Ko mu ce mata ba ka nan?"

"Yaro, ka ji da tumakinka," in ji Belmiro, yana murza gashin baki. "Wannan ai ba tsere ba ne, zuwa cefane ne. Ni da na yi kwanaki ba ruwa, sai raɓar da nake lasa a jikin tanki?"

Anacleto mutum ne mai tausayi. Ya ajiye tsumman da yake goge kanta da shi ya ce, "Ku ƙyale shi. Ko yana so ba zai shiga ba. Masu ƙyallayen nan sun gaya mini dokar manyan tseren sahara suke bi, kuma ta canza. Cikin inji kada ya wuce cc ɗari huɗu da hamsin. Wai manyan injuna gudu ya yi musu yawa, mutane na ta karyewa. Bijimi nawa ne, Belmiro?"

"Ɗari tara," in ji Belmiro, ƙirji a gaba.

"To ka gani. Ba laifinka ba ne, doka ce."

Na ga fuskar Belmiro a lokacin, fuskar wanda aka sauke wa buhun siminti daga ka. Da ya yi shiru ya shanye abin da ke gabansa, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma Gervásio ya yi wata doguwar hamma ya ce, "Allah ya taimaki mai feraye dankali, doka ta rufa masa asiri."

Belmiro ya daki tebur har cokula suka yi tsalle.

"Doka! Ai don ni aka yi ta, labarina ya kai musu!" Sai ya juyo gare ni. "Malam, kai ne mai ilimi a nan. Rabin ɗari tara nawa ne?"

"Ɗari huɗu da hamsin," na ce, don gaskiya ce.

"Kun ji da kunnenku, Malam ya tabbatar! Silinda biyu gare shi. In kashe ɗaya, in bar ɗaya, doka ta cika. Da rabin inji zan cinye su, ɗaya rabin ya yi ta hutawarsa."

Na buɗe baki zan ce lissafi kawai aka tambaye ni, amma tafi ya rufe muryata. Tafin ne ma ya jawo Zulmira, wadda ke wucewa da kwandon kabeji. Ta tsaya a bakin ƙofa aka ba ta labari, ta saurara har ƙarshe.

"Madalla, Maigida," ta ce. "Ga shaidu cike da ɗaki. In masu duba babura suka karɓi wannan ƙarfen naka, ya ci gaba da zama a falo har ranar da za a fitar da gawata. In suka ƙi shi, a ranar zai bar mini gida. Gervásio ya cire injin ya ɗora a rijiyarsa, ya riƙa jawo wa tumaki ruwa."

"Bijimi? Ya shayar da tumaki?"

"Gara ya shayar da masu rai. Ya daɗe yana shayar da daɓena."

Belmiro ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. "Na yarda!" ya ce.

"Allah ya ƙara miki lafiya, Yaya," in ji Gervásio. "Gobe zan fara gina masa wurin zama."

Gwajin farko a falo aka yi shi, ina zaune a kujera, don an gayyace ni a matsayin mai lissafi. Belmiro ya kwance fulogin silindar baya ya jefa a aljihu, ya buga kik. Bijimi ya tashi yana ɗingishi, ramin fulogin kuma ya shiga fesar da iska da fetur, fush, fush, fush, kai tsaye kan cukun tumakin da Zulmira ta jera a kan kanta suna bushewa.

"Rami ne kawai," in ji Belmiro, ya kashe injin.

A ƙasarmu kuwa ba a taron shawara a kan rami. Mu da ɓawon sobro muka tashi, wani itacen ƙasarmu mai ɓawo mai kauri da laushi. Da shi muke toshe kwalba, da shi muke yin amya, da kujera, da kwanon abincin makiyayi, rufin ɗaki ma in ya yi yoyo shi ake cusawa. Belmiro ya zare matoshi daga kwalbar man zaitun, ya danna a ramin da babban yatsa, ya sake buga kik.

Tau!

Matoshin ya wuce ta gefen kunnena, ya sami hoton marigayi mahaifin Zulmira a tsakiyar goshi. Gilashi ya zube, tsohon ya karkace a bango yana kallonmu a kaikaice.

"Dama surukina bai taɓa ƙaunata ba," in ji Belmiro.

Zulmira ta shigo da tsintsiya. Ban tsaya jin abin da ta ce ba, amma na ga Bijimi da mai shi sun iso titi kusan tare da ni.

Gwaji na biyu a gaban shagon Anacleto aka yi, inda tsofaffin masu saɓar ɓawo ke zama a benci suna fuskantar coci. Babbansu, Baba Isidro, ya karɓi matoshin da ya yi ɓarna, ya matsa shi, ya sansana, ya tofar da yawu.

"Wa ya ba ka wannan? Ɓawon ƙaramin itace ne, saɓar fari. Ko tulun ruwa ba zan toshe da shi ba. Dabararka ba ta da laifi, ɗana, matoshinka ne na banza."

Nan gardama ta kaure a benci. Wani ya ce a nemo na gangaren rafi, wani ya ce na gangaren rafi ruwa ya yi masa yawa, sai na kan tudu. Har aka kusa ba hamata iska a kan wane itace ya fi, amma ko mutum ɗaya bai tambaya ba ko ɓawo yana da hurumi a cikin inji. A ƙarshe Baba Isidro ya tafi gida ya dawo da wani guntu mai kauri daga babban itacen bakin maƙabarta, wanda kakansa ma ya saɓa. Ya sassaƙa shi da wuƙa, aka tafasa a tukunyar Anacleto har ya yi laushi, aka buga shi a ramin da guduma.

Belmiro ya buga kik. Tuf. Tuf. Tuf-tuf-tuf. Matoshi ya zauna daram. Benci ya ɗauki shewa. Belmiro ya cire hula ya rusuna, sannan don ya ƙara wa abin armashi ya murɗa mai har ƙarshe.

Wannan karon sama matoshin ya yi. Muka ɗaga kai muna nemansa, sai muka ji ƙararrawar coci ta amsa da bugu ɗaya mai nauyi, gwaam. Shamuwa suka watse. Kafin ƙarar ta gama mutuwa, ƙofofi sun fara buɗewa, tsofaffin mata suna fitowa suna yafa baƙin mayafi.

"Wa ya rasu? Allah Sarki, wa ya rasu?"

Fada, limamin cocin, ya fito a guje, tsumman cin abinci na rataye a wuyansa.

"Ba kowa, Fada," in ji Gervásio. "Rabin inji ne ya cika."

Baba Isidro kuwa ya tsallaka dandali da sandarsa, ya tsinto matoshin a gindin hasumiya, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. "Ku duba nan! Ko tsagewa bai yi ba. Na gaya muku itacen kirki ne."

Dabara ta uku ta Anacleto ce. Ya ce kwalbar giyar biki mai kumfa ma haka take harbo matoshinta, shi ya sa ake ɗaure shi da waya. Aka samo wayar shinge aka naɗe matoshin tam, aka ƙulle a jikin injin. Aka tayar, ya riƙe. Aka murɗa mai, ya riƙe. Yanzu ba sauran abin da ya rage sai hawa.

"Mijin Yaya, ko a kawo maka tsani?" in ji Gervásio.

Belmiro ya cusa kansa cikin wata tsohuwar hular kwano da ta matse masa kumatu har gashin bakinsa ya miƙe gaba, ya hau, ya saki kuloci. A ranar nan Ribeira Torta ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, Belmiro ya wuce famfon dandali. Sai dai Bijimi da rabin inji tafiyar jaki mai shaƙuwa yake yi, ya zabura, ya tsaya, ya zabura, tumbin Belmiro na dukan tanki. Muka bi shi a ƙafa, kuma ko ni mai sanda ban sha wuya ba.

Da hanya ta fara gangara sai gudu ya zo da kansa. A daidai nan garken Gervásio ke tsallaka hanya, karen kiwo na biye. A daidai nan kuma matoshin, wanda ya ɗauki zafi, ya fara hayaƙi a ƙarƙashin cinyar Belmiro. Ya sunkuya ya duba. Wayar ta tsinke. Matoshin ya same shi a wurin da ba a ambata a gaban Fada. Ya ƙwalla ƙara, ya damƙe hannun babur, abin da ya damƙe kuwa mai ne. Bijimi ya ratsa tsakiyar garke, ya haura gefen hanya, ya nutse cikin tarin ɓawon sobro da aka jibge ana jiran motar kamfani.

Tumaki suka bazu cikin gari. Wasu suka shiga coci, wasu shagon Anacleto, wani ƙaton rago ya sami lambun Zulmira a buɗe. Gervásio bai bi ko ɗaya ba. Tarin ɓawon ya nufa a guje, hannu a ka.

"Injina! Mijin Yaya, in ka lalata mini injina ba zan yafe ba!"

Ɓawo ya motsa, hular kwano ta leƙo.

"Da gangan na yi," in ji Belmiro. "A Sahara haka muke tsayawa, birki na mata ne."

Bayan wannan Fada ya sanar a kan mumbari cewa duk wanda ya sake tayar da babur ɗin nan kafin ranar dubawa, kada ya zo masa neman gafara. Zulmira ta ƙara da nata sharaɗin, wanda ya fi na Fada tsanani. Gwaji ya ƙare, amma tunani bai ƙare ba. Na iske Belmiro a bayan gida yana zaune a gefe ɗaya na mazaunansa, yana niƙa ɓawo a turmi.

"Malam, na gano bakin zaren. Me ke turo matoshi? Iskar da ke cikin silinda. To in babu wurin da iska za ta zauna fa?"

Ya zuba garin ɓawon a tukunyar da Zulmira ke dafa 'ya'yan itace, ya haɗa da kakin zuma da ƙaro, ya ɗora a wuta har suka narke. Ya kafa mazurari a ramin fulogi ya yi ta ɗurawa har ya cika ya tumbatsa, sannan ya kawo sabon matoshi ya rufe. Baba Isidro, da ya zo ganin aiki, ya gyaɗa kai ya ce haka kakanninmu ke liƙe gangar giya.

"Ba za ka gwada ba?" na tambaya.

"An hana, Malam. Kuma gwaji na mai shakka ne."

Ranar dubawa dandali ya cika maƙil. Ga rumfuna, ga 'yan tsere daga ƙasashe daban-daban da baburansu sirara kamar barewa, ga 'yan badujalar gari da kakakinsu na tagulla an goge suna ƙyalli, ga shugaban gunduma cikin farar riga. Sai ga Belmiro yana turo Bijimi, gumi na zuba. A bayansa Gervásio ne da amalanke da alfadarinsa, wanda sunansa ya ɓace mini, dabba mai hankali ƙwarai, an jera sifanu a kan buhu. A bayansu duka Zulmira, cikin rigarta ta zuwa coci, ta harɗe hannuwa.

Mai duba baburan wata mace ce mai suna Graciete, mai matsakaicin shekaru, tabarau na rataye a wuyanta, farcenta baƙi da man inji. Da ta ga Bijimi sai ta yi fito.

"Baba, wannan naka ne? Rabona da irinsa tun ina yarinya ina miƙa wa mahaifina sifana."

"Ɗari huɗu da hamsin ne cif," in ji Belmiro, tun ba a tambaye shi ba.

Ta yi dariya. "Ɗari tara ne, Baba. Ko makaho ya shafa zai faɗa."

"A da ke nan. Yanzu na kashe rabi. Malam, gaya mata."

Na ce lallai rabin ɗari tara ɗari huɗu da hamsin ne, kuma iyakar abin da na sani ke nan. Graciete ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tanki. Ta sa tabarau. Ta cire, ta goge, ta mayar.

"Wannan matoshin kwalba nake gani?"

"Na itacen bakin maƙabarta ne, 'yata," in ji Baba Isidro daga cikin taro, "ba irin na kasuwa ba!"

"Baba," ta ce wa Belmiro a hankali, "mu fistin muke aunawa, faɗinsa da nisan hawa da saukarsa. Fistin biyu gare ka. Ka toshe shi, ka sa masa hula, ka ɗaura masa zane, ɗari tara ne. Mai ɗaki biyu in ya kulle ɗaya, gidansa bai koma mai ɗaki ɗaya ba."

Gervásio ya fara juyo da amalanke yana waƙa ƙasa-ƙasa. Belmiro ya matsa jikin babur ɗinsa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tankin Bijimi ya bar shi a nan, yana kallon ƙasa. Har masu dariya suka sassauta.

"Amma me ya kai ka wannan wahalar?" in ji Graciete. "Dokar nan ta masu gasar gaske ce. Muna da rukunin tsofaffin babura, ba ruwanmu da girman injinsu. Su ke buɗe hanya gobe, ɗan zagaye kaɗan su dawo, kuma wanda babur ɗinsa ya fi tsufa shi ke riƙe tutar gari. Ban ga wanda ya girmi naka ba." Ta ɗauko lamba ta manna a goshin Bijimi. "Na karɓe shi. Cire wannan abin, ka mayar da fulogi, ka tayar mana mu ji muryarsa."

Dandali ya ɗauki sowa. Badujala ta kece. Gervásio ya tsaya baki buɗe, Zulmira ta rufe ido tana motsa leɓe. Belmiro ya kumbura har maɓallin rigarsa ya nemi tsinkewa, yana ɗaga wa jama'a hannu. Sai na ga hannun ya tsaya a sama. Ya tuna da tukunya.

Ya sunkuya ya ɗan zare matoshin. Abin da ke ƙarƙashi ya daskare kamar dutse. Ya yi maza ya mayar.

"Kunya gare shi," ya ce. "Ba ya son tashi a gaban baƙi."

"Haba Baba, fulogi kawai za ka ɗaura. Ko in ɗaura maka?"

Nan ma ƙofa ta buɗe masa. Da ya ja ta gefe ya raɗa mata gaskiya, na tabbata da an kwance injin an wanke kafin gari ya waye. Amma shugaban gunduma na kallo, Gervásio na kallo.

"Fulogi?" in ji Belmiro da ƙarfi. "Na yi wa mutanena alkawarin rabin inji, kuma da rabi zan tayar!"

Ya taka kik. Kik bai motsa ba. Ya hau kansa da ƙafa biyu ya tsaya kamar mai tsinkar zaitun a kan tsani. Ya yi tsalle ya dira, kik ya ce bai san zancen ba. Wasu samari 'yan tsere, majiya ƙarfi masu kirki, suka ce ya hau su tura, tunda hanyar da ta fita dandali gangara ce. Ya hau. Suka tura. 'Yan badujala suka bi bayansu suna busa, shugaban gunduma a gabansu yana tafi, gari duka na biye.

"Saki kuloci!" in ji samarin.

Ya saki. Tayar baya ta ja ƙasa tana kuka. Bijimi ya yi wani nishi irin na sa a hannun mahauta, silindar gaba ta kama, ta buga sau ɗaya, sau biyu, sannan wani abu ya ba da kai a ciki. Gau! Salansa ta yi amai. Garin ɓawo da kaki da baƙin mai suka fita kamar daga bakin bindiga, suka wanke badujala tun daga mai ganga har mai sarewa. Farar rigar shugaban gunduma ta koma fatar damisa. Matoshin kuwa ya yi baya ya faɗa cikin bakin babban kakaki, mai busa ya kumbura kumatu har idonsa ya yi ja, ko ƙis bai fito ba.

Bijimi ya gangara kaɗan ya kwanta a gefensa, Belmiro a ƙarƙashi. Wani guntun ƙarfe ya leƙo ta haƙarƙarin injin, mai na bulbula. Ƙanshin zuma da ƙonannen ɓawo ya gauraye ko'ina.

Graciete ta durƙusa ta dangwali abin da ke zuba ta kai hanci.

"Kakin zuma?"

"Da ƙaro," in ji Baba Isidro. "Ganga ba ta taɓa yoyo da shi ba."

"A aikin nan na ga injin da yashi ya kashe, na ga wanda ruwa ya kashe," ta ce. "Yau na ga wanda aka yi wa ɗura."

Zulmira ta ratso taro. Ta fara duba mijinta, ta tabbatar ba abin da ya karye, sannan ta miƙe ta ce, "Gervásio, ɗauki kayanka."

"A'a!" in ji Belmiro daga ƙasa, kaki na daskarewa a gashin bakinsa. "Ga lamba a goshinsa! Cewa kika yi in sun ƙi shi. Sun ƙi shi? Malam, sun ƙi shi?"

Na ce ban ji an ƙi shi ba.

"Na karɓe shi kam," in ji Graciete, "lokacin yana da rai."

Zulmira ta ja dogon numfashi. "To Gervásio, ba don sharaɗi ba, don zumunci. Ɗauke mini shi, na haɗa maka da cuku."

Gervásio ya leƙa ramin da ke jikin injin, ya zura yatsa, ya girgiza kai. "Yaya, tumakina ruwa suke so, ba zuma ba. Cukun ma na ji labarin fetur ya sha." Ya kaɗa alfadarinsa ya yi gaba.

Haka Belmiro ya tura Bijimi ya haura gangaren nan shi kaɗai, 'yan badujala na binsa da maganganun da ban koyar a aji ba. Kashegari wani likitan haƙori daga birni ya riƙe tutar gari a kan wani ɗan babur mai kukan sauro. Belmiro ya kalli tashinsu daga ƙofar shagon Anacleto, a tsaye, don zama bai koma masa daidai ba tukuna.

"Da rabin inji na tarwatsa badujala guda," ya ce wa na kusa da shi. "Ku auna da a ce duka na saki."

Ranar da zan bar Ribeira Torta, da hantsi, na bi ta ƙofar gidansu don in yi sallama. Tun daga nesa na ji ruri na fitowa ta tagar falo, har na tsorata na ce ko an gyara. Na leƙa. Belmiro ne a kan Bijimi, hular kwano a ka, ya kwanta a kan tanki yana karkata hagu da dama, da bakinsa yake yin kukan injin, kuma in kunnena bai yaudare ni ba, da silinda biyu yake yi. Zulmira na zaune a tebur tana ɓarar wake. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Rage gudu, Maigida," ta ce, "akwai kabad a gabanka."

Sai na ji ya sauke giyar babur da bakinsa.